Nauyin Yalwa

Daren jiya wani mafarki ya zo mini, kuma har yanzu jikina bai sake ba.

Na gan ni cikin kwalekwalena a tsakiyar kogi, rana tsaka. Ana ruwa, amma daga kogin yake tashi yana hawa gajimare, har rigata ta jiƙe daga ƙasa. Na jefa birgina, komar nan da nake jefawa shekara ashirin ke nan. Maimakon dalmar da ke bakinsa ta ja shi ƙasa, sai ya yi sama, ya daɗe, ya dawo da agwagwa guda a ciki. Ta yi tari, ta tofar da ƙwayar dalma uku a gabana. Ta ce nawa ne, a gindin ruwa ta tsince su ta haɗiye da zaton tsakuwa ce. Ta ƙara da cewa ana nemana a ofis.

Sai ga ni a ofis. Wani bunsuru mai tabarau yana zaune bayan tebur, yana tauna gefen wata takarda. Ya kira sunana, Bagudu, ya ce in buɗe baki. Ya miƙo madubi. Haƙorana duka sun zama dalma, toka-toka, suna lanƙwashewa in na taɓa su da harshe.

Ya tambaye ni da me nake matse dalma a jikin igiya, na ce da haƙori, kamar kowane masunci. Ya tambayi inda nake samunta, na ce tsohon batirin mota nake fasawa in narka. Ya tambayi a ina, na ce a tsakar gida, gefen murhu.

"Wa yake shaƙar hayaƙin?" in ji shi.

Kafin in amsa, ga ni a tsakar gidan. Matata Kubura tana daka, taɓarya tana bugun sama. 'Yarmu Yalwa, mai shekara huɗu, ta nutse cikin ƙasa har ƙugu, tana wasa da ƙwayoyin dalma, tana sa ɗaya a baki tana tsotsa. Kubura ta ce mini tun safe yarinyar take ƙara nauyi, ta sauke ta daga goyo don bayanta ya gaza, ƙasa ma ga shi ta gaza. Ta faɗi haka kamar mai ba da labarin tsadar gishiri.

Na durƙusa na kama Yalwa ta hammata na ja. Ni da nake jawo giwan ruwa ni kaɗai, ko motsa ta ban yi ba. Na kira sunanta. Ta ɗago ta dube ni da idanun da ba su san ni ba.

"Malam, wa kake nema?" ta ce.

Na ce ni ne Baba. Ta maimaita kalmar a hankali, ta juya ta a baki, sai kalmar ta faɗo ƙasa ta nutse. Haka sauran suka riƙa zubowa: Inna, ruwa, kifi, duk abin da muka koya mata.

Na ruga asibiti. Likitar tarwaɗa ce a cikin baho. Na miƙa mata hannuna ta tsaga, jinina ya zubo a faranti yana gangarawa ƙwal-ƙwal. Ta ce ni babba ne, abin zai ci ni a hankali, amma kan yaro ɗanye ne, nan dalma take fara zama. Na roƙe ta magani. Ta ce in fara raba gidana da hayaƙin.

Na koma wa bunsurun ina haki, na ce in abin guba ne, me ya sa ba a hana mu ba. Ya nuna wani ƙaton littafi a ƙasa, ya ce doka ta fito tuni, ta ce a koma ƙarfe ko gasasshen yumɓu. Sai dai ta yi nauyi, an rasa mai ɗaukar ta zuwa bakin kogi. Shafin da aka rubuta ranar fara aiki da ita kuwa, shi ne yake ci lokacin da na shigo.

Da na dawo gida, ƙasa ta kai wa Yalwa wuya. Na hau tono da hannu. Ina tonowa, ƙasar tana komawa. Ta kai haɓa. Na buɗe baki in kira maƙwabta, muƙamuƙina ya ƙi ɗaguwa.

Ƙarar injin markaɗen maƙwabcinmu ce ta tashe ni. Gari ya waye tangaran. Na fito ba takalmi, na tarar da Yalwa a bakin ƙofa tana shan koko. Na sure ta da ƙarfin da na tanada, har na kusa faɗuwa da baya, kokon ya zube a ƙirjina.

"Baba, ka zubar mini," ta ce.

Kubura ta leƙo daga madafa tana tambaya ko lafiya. Ni dai na kasa sauke yarinyar.