Baƙo a Garken Ango

Tun da Gwaggo ta yi ritaya daga aikin ɗakin haihuwa, ta mayar da bayan gidanta wurin kiwon kunkuru. Mata biyu gare ta da namiji ɗaya, wanda take kira Ango. Matan kan haƙa rami su zuba ƙwai, ita kuma ta kwashe ta jera a akwatin yashi mai ɗumi. Amma duk wanda ta haska da tocila fayau yake, babu ɗa a ciki.

"Yaya, ki haƙura," in ji ƙaninta, direban babbar mota, da ya zo gaishe ta. "Matan nan ba masu haihuwa ba ne."

"Matan lafiyarsu ƙalau. Ga mai laifin can."

Ta nuna Ango, yana kwance a inuwa da guntun gwanda a baki, wuya duk kitse.

Ta yanke masa kayan zaƙi, ta koma ba shi ciyawa da ganye, tana barbaɗa dakakken ɓawon ƙwan kaza. Ta sa aka sare reshen da ke tare rana. Sannan ta gitta katako, ta raba shi da matan. Da ya rage ƙiba, ƙafarsa ta yi sauƙi, ta tura ƙanin gidan wani likitan dabbobi ya aro mata namiji.

"Kunkuru zan ɗauko a gaban mota?"

"Ka ɗaure masa bel in kana tsoro."

Ana sauke baƙon, Ango ya miƙe wuya. Ya taho da saurin da ba a san shi da shi ba, suka haɗu, ƙwas! Baƙon ya sa kafaɗa ya kifar da shi, ƙafafu sama. Ƙanin ya dafe kai. Gwaggo ta tsuguna ta juya Ango, ta kakkaɓe masa ƙasa.

"Koma."

Ya koma. Bai bari ba sai da ya tura baƙon lungu. Nan ta ɗauke baƙon, ta cire katakon. Ango ya bi matan yana gurnani, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga.

Ƙwan da suka biyo baya, da suka yi 'yan makonni a yashi, ta rufe tagar ɗaki ta haska ɗaya. Jajayen jijiyoyi sun bazu a ciki kamar saiwa.

Ƙanin ya miƙo hannu zai karɓa.

"Kar ka juya shi, ɗan ciki zai mutu," ta ce. "Yadda ka ɗauka, haka za ka ajiye."