Jiƙon Goggo Tani

Tun da Bilkisu ta dawo daga Yamai, inda aka fara mata maganin ciwon daji, gidansu na unguwar Birni bai rabu da 'yan dubiya ba. Mijinta Tijjani, baduku, ya riƙe gargaɗin likita: maganin ya raunana garkuwar jikinta, jiƙon da mai lafiya zai sha ya kwana lafiya, ita yana iya kwantar da ita. Kada ta sha komai sai an tambaya.

Goggonsa Tani ba ta san da wannan gargaɗi ba. Duk Alhamis takan zo daga Gaffati da bido, wato jarka, cike da jiƙon saiwoyi. Da wane ido zai mai da hannun matar da ta goye shi? Zubarwa kuma almubazzaranci ne. Sai ya riƙa shanyewa da kansa a bayan zaure, fuska a yamutse, Bilkisu na dariya.

"Malam, ka rage mini ko ɗaci."

"Ci tuwonki."

Bilkisu ta fara murmurewa. Wata Alhamis Goggo ta zo da bido biyu.

"Kun ga aikin saiwa? Ɗayan na Safiya ne, 'yar maƙwabcina da ke aure a unguwar Kara-Kara. Irin ciwonki ne da ita, irin allurarki ake mata. Na faɗa musu na ga warakarsa da idona."

Dariya ta ɗauke. Tijjani bai taɓa cewa Bilkisu ta sha ba, bai kuma ce ba ta sha ba. Yanzu shirunsa ya zama shaida, za a ɗauke shi a kai wa wata.

"Goggo," ya ce, "ko kurɓa ɗaya ba ta yi ba. Likita ya hana. Ni nake sha."

Goggo ta dube shi, ta dubi bidon. Ta daɗe tana gyara bakin zanenta.

"Ni nake shiga daji da sanda, kai kuma kana nan kana ɗura wa cikinka?"

"Kunyarki na ji."

"Kunyar da za ta sa in kashe 'yar mutane? Kai dai tun kana yaro ba ka da wayo." Ta juya. "Ke kuma, 'yar nan, kina kallo?"

"Wallahi Goggo, kallon ne ya warkar da ni."

Goggo ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara. Ta ce Kara-Kara za ta je hannu rabbana, ta kai saƙon likita. Ta tura wa Tijjani bidon duka biyu.

"Tunda ya karɓe ka, ga tumbi har ya fito. Kawo kwanon sha. Yau a gabana."