Bishiyar Cibiyar Arcesio

Sunana Baudilia Banguera, ungozomar San Benito del Guabal. Shekarata sittin da takwas, ban taɓa zama a aji ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

A wajenmu in aka haifi ɗa, ni nake ɗaukar mabiyiya da guntun cibiya in kai bayan gari in binne, in dasa bishiya a kai. Wani kwakwa, wani gwaiba, wani koko. Bishiyar ta zama tasa ke nan har ya mutu. Haka kakata ta yi, haka uwata ta yi. Kurmin nan ya kai bishiya ɗari biyu kafin kamfanin manja ya zo da waya mai ƙaya da takarda mai hatimi, wai daji ne da babu mai shi. Cikin wata guda suka kwantar da kusan duka. Saura layi ɗaya a bakin ruwa, bishiya goma sha tara, suka shafa musu jan fenti. A cikinsu akwai kwakwar ɗana Arcesio.

Shekara tara ke nan da masu bindiga suka sauke Arcesio daga kwalekwalensa. Ba a ba ni gawa ba, ba a ba ni ko takalminsa ba. Ba ni da kabarin da zan je in zauna. Kwakwar nan ce kawai.

Gonar Don Ramiro tana sama da mu kaɗan, shi fari ne, shanu yake kiwo. Wayar kamfani da ta iso kan iyakarsa sai ta yi kwana kamar ta ga maciji, ta zagaye, ta dawo kanmu.

Sau huɗu ina zuwa ofishin filaye a birni, awa uku cikin jirgin ruwa. Wanda ke zaune a teburin karɓar ƙorafi Evaristo ne, ɗan garinmu, baƙi wuluk kamar ni. Da hannuna na jawo shi duniya, ta ƙafa ma ya zo. Yanzu ya sa takalmi da tabarau, sai an ce masa dokta.

"Goggo Baudilia, takardar mallaka fa? Bishiya ba shaida ba ce a doka."

"Gwaibarka tana cikin waɗanda aka shafa wa fenti, ɗan nan."

"Na sani, Goggo. Ki yi magana a hankali, akwai mutane."

Da muka ga ofis ba zai yi komai ba, sai muka raba gadi. Mu bakwai ne, tsofaffin mata. Kullum biyu ko uku za su zauna a gindin bishiyoyin daga fitowar rana har faɗuwarta, muna fere rogo muna gulma. Masu injin yankan itace 'ya'yan talakawa ne, ba wanda zai tayar da inji tsohuwa na jingine da itacen. Wata huɗu muka yi a haka.

Sai ga watan Mayu, ranar da gwamnati ta ware wa baƙar fata. Wata farar mata daga ofishin al'adu ta sauko daga jirgi tana tattare siket don kada laka ta taɓa shi.

"Ke ce mai waƙar makoki? Kai, 'yar baƙata, labarin muryarki ya kai har Bogota! Manya za su zo, muna so ki yi musu."

Na girmi uwarta, amma ni ce 'yar baƙarta. Na haɗiye. Na tambaye ta ko za a ba ni abin magana a hannuna, ta ce sosai ma.

Da yamma na gaya wa Cenelia, wadda ta riƙe mini Arcesio ranar baftisma, shi ya sa muke ce wa juna komadre.

"Komadre, zan faɗa musu a gaban kowa."

"Ke da bakin nan naki? Za su ɗaure mu duka, ni kuwa gwiwata ba ta son siminti."

"Ki zauna gadi to."

"In zauna wa ya yi miki amshi? Tránsito? Ita da take shigowa kamar akuyar da aka taka wa wutsiya?"

Nan ne muka yi kuskuren. Waƙar makoki ba a yin ta mutum ɗaya. Mai ja tana ja, 'yan amshi suna ɗauka, in amshi ya yi ƙaranci waƙar ta zama abin kunya ga mamaci da masu rai. Mu bakwai ɗin nan da muke gadi, mu ne masu waƙar garin. Ko a ranmu ba mu kawo a bar wata ba. Muka ce ai ranar biki ce, wa zai yi aiki? Da safe aka aiko mana jirgi mai inji biyu, kyauta, muka shige dukanmu.

A birni suka ɗaura mana ɗankwali mai launi irin wanda ba ma ɗaurawa a makoki, suka jera mu a kan dandamali. Manya suna gaba a inuwa, farare tas, in ban da Evaristo a kujerar ƙarshe. Namu mutanen suna baya cikin rana.

Na ja baiti ɗaya, mata suka amsa. Sai na tsaya.

Na ce, "Ni ba waƙa ta kawo ni ba. Kun ce yau ranar baƙaƙe ce. To ga baƙa tana magana. An sare cibiyoyin 'ya'yanmu an dasa kwakwar manja. Waya ta tsallake gonar fari ta cinye tamu. Kuna son gangarmu, kuna son kifinmu da miyar kwakwa, kuna son mu yi muku kuka mai daɗi, amma in muka zo ofis sai ku ce mu yi magana a hankali. Saura bishiya goma sha tara. Ɗaya ta ɗana ce da ba ku nemo mini gawarsa ba. Ɗaya ta wancan ce mai tabarau. Ku hana a sare su. Abin da na zo faɗa ke nan."

Na jira a kashe abin maganar, ko ɗan sanda ya hau. Ba wanda ya hau. Wani mai farin gashi a layin gaba ya miƙe ya fara tafi, sauran suka bi. Matar ofishin al'adu har da share hawaye. Ta rungume ni tana cewa, "Kin ga wannan zafin? A jininku yake! Shekara mai zuwa ma haka za ki yi mana." Aka miƙo mini wani allo mai ƙyalli, aka ɗauki hoto, aka kira masu rawa.

Cenelia ta raɗa mini, "Komadre, sun ɗauka cikin wasan ne."

Jirgin da zai mayar da mu bai zo ba sai la'asar. Tun daga kwanar kogi na ga sama a inda ba a saba ganin sama ba. Tránsito ta fara ihu. Ni ban yi ba. Kututture goma sha tara, garin katako a kan laka, ƙamshin ɗanyen itace. Kwakwar Arcesio sun yanka ta gunduwa-gunduwa don ta yi sauƙin ja.

Ban san ko wanda ya aiko jirgi ya san abin da za a yi ba. Ba ni da shaida. Na dai san mutum bakwai aka gayyata, kuma mutum bakwai ke gadi.

Ranar Litinin na ɗauki gunduwa ɗaya, na naɗe a zane, na kai birni a kaina. Na dire ta a kan teburin Evaristo, takardunsa suka watse.

"Rubuta."

"Goggo, don Allah..."

"Gwaibarka na bar ta can, uwarka ta je ta ɗauka. Rubuta."

Ya rubuta. Na faɗa masa komai, tun daga waya har jirgi. Da ya gama ya turo mini tawada in dangwala. Na ce ya karanta mini tukuna. Ya karanta: rikicin iyaka tsakanin mazauna da kamfani, asarar itatuwa goma sha tara.

"Ina inda na ce don mu baƙaƙe ne?"

"Babu gurbin wannan a takardar."

"Akwai fili a ƙasa, ina gani. Makauniya ce ni?"

"In na sa, za su ce siyasa ce, su jefar da ita. In ban sa ba, wataƙila a biya ku kuɗin itace." Ya cire tabarau ya murza ido. "Goggo, ni kaɗai ne namu a ginin nan. Kin san yadda na sha kafin in samu kujerar nan?"

Na sani. Na kuma san ba ƙarya yake yi ba, za su jefar. Amma in na dangwala a kan waccan, na yarda ke nan itace aka sare mini.

Na naɗe hannuna cikin zane na koma kan benci. Da aka tashi aiki mai gadi ya fitar da ni, ya fitar da gunduwar. Sauran matan shida sun dangwala daga baya, har da Cenelia, kuma ban riƙe su ba, jikoki gare su. Tawa takardar tana cikin aljihun teburin Evaristo babu yatsa a kanta. Ran Litinin mai zuwa ma zan je.