Cinikin Sa Albarka

Tun kafin Keke Napep ɗin ya gama tsayawa a Bosso, Rukayat Ndayako ta diro, har gefen mayafinta ya maƙale a ƙarfe. Ta fizge shi ba ta ko duba ba, ta nufi wani ɗan ofis da ke matse tsakanin mai buga takardu da mai gyaran waya. Nan wakilin Rumfarka yake zama, kamfanin nan mai kasuwa a intanet, inda za ka baje kaya a Minna a saya daga Legas.

Da safiyar nan ta duba waya ko an yi ciniki, sai ta ci karo da jan rubutu: an rufe shagonta bisa zargin zamba. Ba nata kaɗai ba, har da na matan gidan hayarsu a Maitumbi, waɗanda ita ce ta ja su cikin harkar. Ga ƙuli-ƙulinta da man kaɗanya jibge a rumbun kamfanin a Abuja, ga maigida an sallame shi daga aiki tun bara. Da shagon nan ake ɗora tukunya a ɗakinta.

Philip, wakilin, saurayi ne siriri mai yawan ba da haƙuri. Yana ganinta ya miƙe ya ja mata kujera.

"Anti Rukayat, sannu. Na gani tun kafin ki zo."

"To buɗe min, ƙanena. Ai kai ka buɗe min tun farko."

"Buɗewa kawai na iya, Anti. Rufewa na'ura ne yake yi."

Ya juyo mata da kwamfutar. Wasu ɗige-ɗige ta gani an haɗa su da layuka kamar saƙar gizo-gizo, kowanne da suna a ƙasa. Ya nuna nata a tsakiya, ya nuna na maƙwabciyarta Mama Patricia Gaiya, ya nuna sauran.

"Duk shagunan nan waya ɗaya ne yake shiga. Kuma kowa ya saya a wurin kowa, kowa ya ba kowa tauraro biyar. Na'ura ya ce mutum ɗaya ne yake yaudara da sunaye da yawa."

Rukayat ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. To da wayar wa za su shiga? A duk gidan ita kaɗai ke da babbar waya. Sauran 'yan rakani-kashi ne da su, masu tocila. Maganar saye kuwa, tun tana yarinya a Bida haka ta taso ta gani. Mace in ta fara sana'a, ko ƙosai ne, maƙwabta ke fara saye don su sa mata albarka, a yabi kayan ko da gishiri ya yi yawa. Ranar da Mama Patricia ta sa daddawarta a kasuwar, matan gida suka bi wayar ɗaya bayan ɗaya suna saye, ana raha ana addu'a. Tsohuwar da ta baro gonarta a wajen Kagara da ƙullin kaya a ka, saboda 'yan bindiga, ranar ce aka fara ganin haƙoranta.

"Albarka muka sa wa juna, Philip. Ko a wajenku ba a yi?"

"Ana yi, Anti. Uwata ma tana yi. Amma babu wurin rubuta albarka a nan."

"Haɗa ni da manajanku."

"Manaja ma na'ura yake tambaya."

Duk da haka ya gwada, don ba mugun yaro ba ne. Ya kira lambar kamfani, wata murya ta yi ta sa shi danna wannan danna wancan, aka sa masa kiɗa, layin ya katse. Ya rubuta saƙo, amsa ta dawo kafin ya ɗauke yatsa, da godiya da fatan alheri. Wai sun fahimci damuwarta. Abin da ba shi da ciki bare zuciya, shi ne ya fahimci damuwa. Rukayat ta zauna tana kallon fanka tana juyawa, ta ji duniyar ta yi mata ƙunci. Da mutum ne ya rufe, da ta san gidan surukinsa, ta san limamin unguwarsu ko fastonsu. Wannan kuwa ba ta san inda za ta durƙusa ba.

Can Philip ya gyara murya, idonsa a kan tebur.

"Akwai hanya ɗaya. Waya ɗaya, shago ɗaya. Za ki zaɓi na gaskiya, ki amsa cewa sauran na bogi ne, ke kika ƙirƙira. Za su yafe miki a matsayin laifin farko."

"Sauran fa?"

"Za a goge su. Kuma lambar katin ɗan ƙasa da suka yi rajista, ba zai sake buɗe shago ba."

"Wato in rantse Mama Patricia ba mutum ba ce."

"Ba rantsuwa ba ne, Anti. Dannawa ne kawai."

"In na ƙi fa?"

"Duka a rufe, har naki. Kayan rumbu kuma, in ya daɗe ya yi wari, zubarwa suke."

Ta tashi ta fita baranda. Ɗaliban jami'a na ta wucewa da jakunkuna, mai rake na fere rakensa, kowa na sha'aninsa. Ta tuna yadda ta sha kan Mama Patricia ta daina yawon talla a rana, ta ce mata yanzu kasuwa a tafin hannu take. Ta tuna yaranta da suka tafi makaranta da ruwan koko a ciki. Ta yi ta juya maganar tana neman wata kafa, ba ta samu ba. An ce ciki ba ya ɗaukar haƙuri, yau ta tabbatar. Kunya ta kama ta tun kafin ta aikata, amma ta koma ciki.

"Nuna min wajen."

Ya nuna. Ta danna a kan kowane suna, na Mama Patricia a ƙarshe. Jan rubutun ya koma kore nan take, har da hoton wata 'yar fuska tana murmushi. Philip ya ce ta yi haƙuri. Ta ɗauki jakarta ta fita, ba ta san wa ya kamata ya ba wa haƙuri ba.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ta isa Maitumbi. A ƙofar gida ta tarar da Mama Patricia a kan tabarma, tana ƙulla sabuwar daddawa a leda, tana jerawa a faranti. Tsohuwar ta ɗago kai.

"'Yata, kin dawo? Sun gyara?"

"Sun ce matsalar sabis ce, Mama. Sai a hankali."

"To, Allah ya yi miki albarka. Tun safe nake gaya wa sauran, kar su damu, tunda Rukayat ya tafi da kansa. Akwai tuwo na ajiye miki."

Rukayat ta sunkuya za ta cire takalmi, sai wayar ta yi ƙara a cikin jaka, 'yar ƙarar nan ta shigowar ciniki wadda duk matan gidan suka haddace. Fuskar tsohuwar ta washe, ta goge hannu a zani.

"Kin ji ko? Ga shi ya dawo. Duba mana, nawa ne ko naki?"

Rukayat ta ciro wayar, ta kare ta da tafin hannu kamar rana ce ke damunta.

"Nawa ne, Mama."

"Madalla. Gobe sai nawa," in ji tsohuwar, ta jawo wata ledar ta ci gaba da ƙulli.