Gudun Alhaji Ɗanlami

A wurin Alhaji Ɗanlami mai shinkafa, dalilin gudu biyu ne rak a duniya: ko sa ya tsinke a kasuwa, ko hadari ya taso shanya na waje. Saura duk taɓin hankali ne. Shi ya sa da ya ji ɗiyarsa Husna za ta yi tsere a gasar makarantu a Talata Mafara, ya zura babbar riga ya hau babur daga Ruwan Gizo, ya rantse sai ya fiddo ta daga fili.

Ya tarar har an jera 'yan mata, kowacce da wando da ɗan hijabi. Malama Taibatu mai koyar da motsa jiki ta gaishe shi, ta fara yi masa bayanin lafiyar zuciya da kaifin ƙwaƙwalwa.

"Malama, karatu na kawo ta yi. In gudu ne, ai akuya ta fi ku iyawa." Ya ɗaga murya: "Husna, taho mu tahi!"

Idon yarinyar ya ciko da hawaye. Tun farkon zango take shirin wannan rana.

Sai ga wata dariya daga baya. Wa zai gani? Mahmud na Bakura, taubashinsa, wanda al'ada ta ba lasisin tsokanarsa, shi kuma ba damar fushi.

"Ɗauke ta, Alhaji, ka rufa wa kanka asiri! Ga tawa ɗiyar can kusa da ita. Ku dama gidanku in ba wajen tuwo ba, wa ya taɓa zuwa na ɗaya?"

Kai! Maganar nan ta soki Alhaji. Kafin ya haɗo amsa aka busa usur.

Husna ta fita kamar an harba gwafa, ɗiyar Mahmud na dugaduganta. Alhaji bai san sanda ya tattare riga ba. Sai ga shi yana bin gefen fili, tumbi na gaba yana biye, hula ta yi nata wuri.

"Husna, kar ki waiga! Kar ki ba ni kunya gaban mutanen Bakura!"

Husna ta ci. Alhaji kuwa ko rabin fili bai kai ba ƙafafu suka ce ba da su ba, ya zube yana haki, ƙirji kamar ana daka a ciki. Wallahi ya tsorata, har ya fara kalmar shahada.

Husna ta dawo a guje, ko numfashinta bai sauya ba.

"Baba, ba a zama bayan gudu. Tashi. Ɗora hannuwa a ka, ja iska ta hanci. Haka Malama ta koya mana."

Alhajin da ko a gida ba a ce masa matsa, ya miƙe gaban jama'ar Mafara da Bakura da Maradun, hannuwa a ka, yana takawa a hankali. Da numfashi ya ɗan dawo, ya sunkuyo ya yi mata raɗa:

"To, sai kuma mi, Malama ƙarama?"