Maɓallan Tutar Mano Tibo

Mano Tibo ya rasu ranar Talata da hantsi, a zaune kan bencin ƙofar gidansa, bayan ya ɗaga tuta ya dawo. Dangar gora ce tsakanin gidana da nasa a ƙauyenmu na masunta, a tsibirin Samar, inda ake ce wa dattijo Mano, dattijuwa kuma Mana. Ni na tarar da shi. Shayin cittar da ke gefensa ko hucewa bai yi ba.

Tun kafin a haife ni shi ke ɗaga tutar Filifin a dandalin ƙauye. Ba wanda ya naɗa shi. Da yanar ido ta kama shi, marigayiya matarsa ta ɗinka maɓalli a gefen shuɗin tutar don ya riƙa lalubawa. Kowa a ƙasar nan ya san ƙa'idar: shuɗi a sama zaman lafiya, ja a sama yaƙi.

Guguwar bara ta tafi da rufin gidajenmu da kwale-kwale, ta haɗa da tutar da sandarta. A coci muke kwana, muna cin shinkafar agaji da kifin gwangwani. Tibo ya sa aka kafa doguwar gora, aka samo sabuwar tuta cikin kayan agaji. Da safe ya ɗaga ta, ya dafe ƙirji, ya rera taken ƙasa. Ja ne a sama.

Kapitana Belen, shugabar ƙauye, ta ƙaraso da sauri.

"Mano, da wa muke yaƙi?"

"Yaƙi kuma?"

"Ja ka sa a sama."

Hannunsa na kan igiya. "Babu maɓalli," ya ce.

Mana Soling mai busasshen kifi ta ɗaga murya daga layin shinkafa. "Ku bar ta haka! Ai yaƙin muke yi. Ga kwanon ɗakina can a kan bishiyar kwakwa."

Aka kwashe da dariya, ban da Kapitana. Ta ce baƙi na tafe daga birni da kyamarori. "Rufi muka rasa, ba hankali ba. Kada a ce ko tutarmu ba mu iya ɗagawa ba." Ta ce daga gobe malamin makaranta zai karɓi aikin.

Tibo ya sauke tutar, ya ninke ta, ya miƙa mata. Washegari bai fito ba, bai kuma karɓi rabonsa na shinkafa ba.

Soling ta je ta karɓo tutar a wurin malamin. Riga ɗaya guguwa ta bar mata, daga jikinta ta tsinke maɓalli. Matan da ke coci suka gani, kowacce ta tsinko nata. Suna cikin ɗinki Kapitana ta shigo.

"Doka ta hana a ƙara wa tuta komai," ta ce.

Soling ta ce, "A bakin kalmasa ne, wajen igiya. Dokar taki tana da ido har can?"

Kapitana ta daɗe tana kallon ɗinkin. Sannan ta fizge maɓallin wuyan rigarta. "Sa wannan a farko. Ya fi naku girma."

Na raka su gidan Tibo. Ya bi layin maɓallan da yatsa har ƙarshe.

"Soling, tuta kika kawo min ko rigar amarya?"

"Tsoho, in ka sake juya ta, to da gangan ne. Kai kaɗai za ka tafi yaƙin."

Bai sake juya ta ba. Rufin gidaje ya riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma kullum da safe yana dandali, yana rera taken da muryar da ba ta kai ƙarshen baiti.

Yanzu da ya rasu, gardama ta tashi. Soling na so a sauke tutar zuwa rabin sanda. Kapitana ta ce doka ta ware wannan wa manyan ƙasa, Tibo kuwa masunci ne. An ɗage maganar sai 'yarsa ta iso daga Kuwait.

Da na wuce ta dandali yau, tutar ba ta ƙololuwa, ba ta kuma rabin sanda. Wani ya sassauto da ita kamu ɗaya, ya ɗaure igiyar. Shuɗi ne a sama. Kapitana ta wuce ta ƙarƙashinta da kwandon cefane, ba ta ɗaga kai ba.