Tutocin Soron Dakta

Ginshiƙi alamar jahilci ne. Dakta Mailafiya ne ya faɗa, kuma ya san abin da yake faɗa, domin shekara goma sha ɗaya ya yi a jami'a yana leƙen ƙwayar halitta ta madubin bincike. A cikin kowace ƙwaya, in ji shi, akwai siraran zaruruwan furotin da suka sarƙe da juna. Su ke ba ta siffa, su ke hana ta lotsewa, kuma bai taɓa cin karo da ginshiƙi ko ɗaya a ciki ba. Abin da Allah bai sa wa ƙwaya ba, bai ga dalilin da zai tsaya a tsakiyar soron gidansu na Dukawuya yana tare wa baƙi hanya ba.

Baƙi kuwa suna tafe. Sojoji sun koma bariki, sabuwar gwamnatin farar hula ta sa Dakta a wani kwamiti, an kuma shirya walima bayan la'asar. Malam Ilu magini, wanda ke yi wa gidan yaɓe tun zamanin mahaifinsu, ya ce kafaɗarsa na ciwo da aka nemi ya rushe ginshiƙin. Sai Dakta ya ɗauko birkiloli daga bayan gari, waɗanda bulo da siminti kawai suka sani. Cikin hantsi ɗaya suka gama, suka yaba wa iliminsa, suka tafi.

Da safiyar ranar walimar yayarsa Lauratu ta share soron. Ta juya ta ga jar ƙasa a inda ta share. Ta sake sharewa. A karo na uku ta ɗaga kai, sai ga tsaga a rufin wadda yatsa zai shiga. Mutum sittin ne za su zauna a ƙarƙashinta, ga hadari ya fara haɗowa a gabas.

Ita ta goya Mailafiya bayan rasuwar mahaifiyarsu, amma tun da ya zama Dakta ba ta ƙara musa masa magana ba. Ta same shi gaban madubi yana karya hula, ta gaya masa abin da ta gani.

"Yaya, gini ne yake daidaita kansa," ya ce. "Zaruruwan ƙwaya ma kullum cikin warwarewa suke suna sake haɗuwa. Kin aika a karɓo kajin?"

Ta ce ta aika. Ta ɗauki mayafi ta nufi gidan Malam Ilu, lungu biyu tsakaninsu.

Malam Ilu bai ce ai ya faɗa ba, abin da Lauratu ta fi gode masa a kai ke nan. Ya zo ya tsaya a tsakar soron ya daɗe yana kallon sama. Ya ce rufin zai iya kai kwana uku, zai kuma iya kai tafin farko. Ta gaya masa damuwarta a fili: in aka tokare rufin, ƙaninta ya kunyata a gaban 'yan kwamiti, alhali ya riga ya shaida wa kowa soron ba ya buƙatar ginshiƙi; in ba a tokare ba, sai dai a shirya makara.

"Hajiya, kina da farin yadi da kore?"

Tana da su. Bayan azahar, Dakta na can wajen tarbo baƙi, Malam Ilu ya turo kura ɗauke da azara biyu masu kauri, baƙaƙe wuluk da hayaƙi. Ya kafa su a inda ginshiƙin yake a da, ya buga musu itace a gindi har suka daina motsi. Kafaɗar ta warke sarai. Sannan su biyu suka naɗe kowace da yadi: kore, fari, kore.

Da Dakta ya shigo ya ja ya tsaya. Ya tambayi wanda ya yi tunanin kafa tutoci, Lauratu ta ce maƙwabta ne. Ya gyaɗa kai, ya ce lallai talakawa sun rungumi dimokuraɗiyya.

Ta bayan ƙofar cikin gida ta saurari jawabin, idonta a kan tsagar. Ya yi bayanin ƙwaya, ya yi bayanin zaruruwa, ya ce haka ƙasa za ta tsaya yanzu, ba a kan mutum ɗaya ba. Ya nuna rufin da hannun dama a matsayin hujja, na hagu kuwa yana dafe da tuta. Aka yi tafi. 'Yar ƙasa ta zubo cikin kofin zoɓon wani ɗan kwamiti, ya shanye bai lura ba. Rufin bai motsa ba. Lauratu ta sauke numfashi, ta yi wa Malam Ilu addu'a har da iyayensa da kakanninsa.

Baƙon ƙarshe na fita ruwa ya sauko. Ta zuba shinkafa a babban kwano, ta zaɓi cinyoyin kaji, ta ɗauki lema ta kai wa Malam Ilu da kanta.

A tsakar gidan Malam Ilu babu rumfar girki. Kwanukan rufinta na jingine da katanga, ramuka biyu a ƙasa sun cika da ruwa. Matarsa Binta na durƙushe gaban murhu tana hura jiƙaƙƙen itace, shi kuma yana tsaye a kanta ya ɗaga tsohuwar tabarma da hannu biyu, ruwa na bin gwiwar hannunsa.

Lauratu ta ajiye kwanon. Da ƙyar ta ce gobe za ta sa a dawo masa da azarorinsa, ko da Dakta zai ji haushi.

"A'a, Hajiya, ba a taɓa rufin ƙasa yana jiƙe. A bar su sai kaka." Ya gyara riƙon tabarmar. "Dakta dai ya gama jawabinsa lafiya?"

Ta ce lafiya ƙalau, har an yi tafi.

"To madalla," ya ce. "Binta, matso nan, ta can yake zuba."